Murfin da Na Sa wa Bututun Hajiya

Shekara bakwai ina aikin famfo a Greensboro, kuma aiki ɗaya tak na taɓa yi wanda ba na son kowa ya duba. Shi ma ba rashin sani ne ya sa ni ba. Da rashin sani ne, da na samu abin da zan riƙa faɗa wa kaina.

Sunana Chaïbou, mutumin Tasawa ne ni a Nijar. Ina aiki ƙarƙashin Malachy, wani dattijon Filato mai furfura a gemu da ɗan banzan tsantseni. Motar aiki ɗaya ce da mu, fara, da sunansa a jikinta. Shi ya koya mini komai, tun ban san bambancin sufana da filaya ba. Mutum ne da zai sa ka kwance aikin yini guda saboda haɗi ɗaya ya karkace a inda babu mai gani sai ɓera. Na sha yi masa tsiya cewa ko a lahira sai ya duba famfunan Aljanna kafin ya yarda ya zauna.

A cikin duk abin da ya koya mini, babu wanda ya fi nanatawa kamar maganar tukunyar dumama ruwa. Irin ta gidajen nan doguwa ce kamar ganga, a rufe take ruf, ba ta da inda take shan iska. Ruwa kuwa idan ya yi zafi kumbura yake yi. Shi ya sa aka yi mata wani ɗan bawul a kafaɗa, wanda yake buɗewa da kansa ya fitar da ruwa idan zafi ko matsi ya wuce kima. Daga bakin bawul ɗin ake jan bututu, faɗinsa daidai da bakin, ya yi ta gangara ba hawa ko ɗaya, har ya tsaya dab da ƙasa a wurin da ido zai gan shi. Ba a sa masa makulli a hanya. Ko haƙoran da ake murɗa murfi a kai ba a yi wa bakinsa, don kada wani mai wayo ya ga wuri. Malachy ya ce ya taɓa ganin gidan da aka toshe wannan bututu can wajen Summerfield, tukunyar ta fasa rufi ta fita kamar an harba ta.

"Ba kullum take tashi ba," in ji shi. "Amma rana ɗaya ta ishe ta."

Na haddace wannan kamar karatun allo. Ina so a riƙe wannan, don kada wani ya tausaya mini a gaba.

Surukata, mahaifiyar matata Sakinatou, ta zo ƙasar nan shekara uku da suka wuce, bayan rasuwar mijinta. Tana zaune a gidan ɗanta Faïçal, kan hanyar McLeansville. Faïçal direban tirela ne, bai yi aure ba, sai ya yi sati biyu ko uku bai taka gida ba. Saboda haka Hajiya ita kaɗai take yini, da carbinta da 'yar gonarta ta bayan gida, inda ta shuka yakuwa da kuɓewa. Abin da yake raya mata mako shi ne Juma'a. Duk Juma'a da yamma nakan kai autarmu Leïla, mai shekara tara, ta kwana biyu wurinta. Gado ɗaya suke kwana. Hajiya ba ta kiranta sai "ƙawata", ita tana Hausa, yarinyar tana amsawa da Turanci, kuma ban taɓa ganin sun kasa fahimtar juna ba.

Tsakanina da Hajiya kuwa kunya ce irin ta gida, wadda ba mu rage mata ko ƙwaya ba don mun tsallako teku. Shekara goma sha shida da auren 'yarta, ban taɓa cin abinci a gabanta ba. Ban taɓa haɗa ido da ita ba. Takalmina a waje nake barinsa, in durƙusa daga bakin ƙofa, ita kuma ta ja mayafi ta juya gefe. Ban taɓa ambaton sunanta ba, ita ma ba ta taɓa kiran nawa ba. Idan tana da magana da ni, ga 'yarta take faɗa, ko da ina durƙushe a wurin: "Ki ce wa uban yara an gode." Abokaina a masallaci suna yi mini dariya, wai na zo Amurka da ƙauye a aljihu. Ni kuwa alfahari nake yi da abin. Na san tsohuwa ba ta jin kunyar wanda ta raina.

A watan Oktoba tsohuwar tukunyar gidan ta fara yoyo daga gindi. Faïçal ya kira ni daga hanya, na ce ya bar mini. Ran Asabar na je ni kaɗai, ban ma gaya wa Malachy ba, tunda aikin gida ne. Tukunyar tana cikin wani ɗan loko, bango ɗaya ya raba ta da ɗakin Hajiya, kuma kan gadonta a jikin bangon yake, don ta ce wurin ya fi ɗumi. Na tarar wanda ya yi aikin farko ya zura bututun bawul ƙarƙashin gida ne kawai, cikin duhu, inda ko shekara ya yi yana zuba babu mai sani. Na yi tsaki na ce ka ga aikin 'yan ci-da-ceto. Na huda bango na fitar da nawa waje, jan ƙarfe sabo fil, ya gangara ya tsaya inci shida daga ƙasa a gefen yakuwar Hajiya. Har hotonsa na ɗauka.

Abu ɗaya na bari. Akwai wata 'yar ƙaramar tukunya, ba ta fi tulu ba, da ake ɗaurawa a sama don ta riƙa shanye kumburin ruwan. Gidan yana buƙatarta, ni kuma na manta ban sayo ba, ga la'asar ta yi. Na ce zan dawo. Ɗan hakin da ka raina, in ji Hausawa, shi ke tsone maka ido.

Ba a yi kwana biyar ba Sakinatou ta tare ni da saƙo. Ta ce Inna ta ce bututun nan yana tofar da ruwan zafi da safe, har da tururi, shi kaɗai ba mai taɓa shi. Na ce ai aikinsa ke nan, kuma da na sa 'yar tukunyar zai daina.

"To ka tahi ka gaya mata," in ji Sakinatou. "Ni na yi bayani har na gaji. Hankalinta ya tashi, Malam."

Muka je tare ran Alhamis bayan na tashi aiki. Hajiya tana kan tabarma a ƙofar baya, ta miƙe ƙafa ɗaya, gwiwar a ɗaure da ƙyalle. Na durƙusa nesa kaɗan na gaishe ta. Ta amsa tana kallon kuɓewarta, sannan ta fara magana da 'yarta.

"Ki tambayi uban yara, a ina ya taɓa ganin an zubar da ruwan zahi a ƙasa ba bisimilla? Ƙasar nan ba mu kaɗai muke cikinta ba. Mutanen ɓoye suna da ɗiya ƙanana kamar yadda muke da su. In ka ƙona ɗan wani, kai ma sai a taɓa naka. Ni ban san lokacin da abin nan zai zubo ba balle in yi bisimilla. Tun randa ya fara gwiwar ga ta kumbura."

Kada wani ya yi tsammanin dariya ta zo mini. Ni ma da wannan aka raine ni. Mahaifiyata ta taɓa zabga mini mari saboda na watsa ruwan shayi a tsakar gida, kuma har yau idan zan tace taliya a kicin sai na ji bisimilla ta fito daga bakina. Na fahimci tsoronta sarai. Na kuma san amsar da ya kamata in ba ta, har na jera ta a raina: Hajiya, wannan bututun shi ne numfashin tukunyar, toshe shi haɗari ne, ki ba ni kwana biyu.

Sai ta ƙara da cewa, "Ki ce masa ban taɓa roƙonsa komi ba. Wannan ɗaya nake roƙo. Ya toshe mini shi."

Gaskiya ta faɗa. Shekara goma sha shida ko allura ba ta taɓa nema a hannuna ba. Sakinatou ta juyo tana kallona. Na buɗe baki, kuma abin da ya fito shi ne, "To, Hajiya."

Akwai irin murfin da ake turawa kawai ya kama, ba wuta ba dalma. Ina da su a akwatin aiki. Na ɗauko ɗaya na tura a bakin bututun, na ji ya yi ƙas. Na shiga ciki na rage zafin tukunyar kaɗan, don in samu abin rarrashin zuciyata. Da na fito Hajiya tana cewa 'yarta, "Allah ya yi masa albarka. Allah ya ba shi masu yi masa." Ban taɓa jin addu'ar da ta yi mini nauyi irin wannan ba.

Na ce wa kaina kwana biyu ne. Asabar zan zo da 'yar tukunyar, in ɗaura, in cire murfin, ruwa ya daina zuba, kowa ya huta.

Washegari Juma'a ce. Na dawo daga masallaci na tarar Leïla ta haɗa jakarta tana jirana a bakin ƙofa. Na dubi jakar, na tuna inda kan gadon yake. Sai na ji kaina ina cewa na ji tana tari da safe, kada ta je ta shafa wa tsohuwa mura.

"I'm not sick, Baba," in ji ta.

Na ce na faɗa. Ta shige ɗaki da kuka, uwarta ta bi ni da kallo.

Ran Asabar na sayi 'yar tukunyar na nufi McLeansville da niyya mai kyau. Tun daga titi na hango motoci uku a ƙofar gida. Matan garinmu ne suka zo duba gwiwar Hajiya. Na zagaya ta baya da kayan aikina, sai na ji muryarta. Ta tara su a gaban bututun tana nuna musu murfin da sandarta. Tana cewa kumburin ya saɓe tun daren da aka toshe. Tana cewa a zamanin nan, a ƙasar nan, samun suruki mai jin magana sai an tona. Wata ta hango ni ta rangaɗa guɗa. Yaya zan wuce ta tsakiyarsu in cire abin da ake yabona a kansa? Na gaishe su, na ce dama wucewa nake, na koma mota da tukunyar a hammata.

Daga nan abin ya zama mini kamar ƙaya a tafin ƙafa, kullum ina jin ta, kullum ina cewa gobe. Asabar ta biyu muna da aiki a Sedgefield, na yi murna da samun dalili. Kowace safiya idan wayata ta yi ƙara sai in zaci tukunyar ce ta tashi. Nakan lissafa wa kaina cewa Hajiya tana yawan alwala, duk buɗe famfon da ta yi matsin yana raguwa, tukunyar kuma sabuwa ce. Duk gaskiya ne, amma ban yarda da lissafin nan ba har in kai 'yata. Juma'a ta biyu na ce Leïla tana da aikin lekol, wato makaranta, da yawa. Ta uku na ce motata tana wani ƙara, ba zan yi nisa da ita ba. Ni da ko a ciniki ba na iya ƙarya, sai ga shi ina ƙera ta duk mako kamar maƙeri.

Ran Litinin ta mako na huɗu aka kira mu gidan Adamou, wani ɗan ƙasarmu mai tuƙin tasi. Matarsa Houda ce a gida. Ta ce famfunansu suna fisgar ruwa da ƙarfi idan an buɗe, kuma gindin tukunya ya jiƙe. Malachy ya ɗaura ma'auninsa na matsin ruwa a famfon wanki, allurar ta haura inda ban taɓa ganin ta kai ba. Ya kashe wutar tukunyar, ya buɗe famfo, sannan ya bi bututun bawul da hannu har ƙasa. Can ya tsaya. An cusa masa toshiyar roba, an naɗe da waya tam.

"Madam, wa ya yi wannan?"

"Maigidan ne," in ji Houda, tana murmushi. Sai ta nuna ni. "Ai ga mai dabarar nan tare da kai. Shi ya fara yi wa surukarsa, mu duka wurinsa muka gani. Mun ce tunda plombiye, mai aikin famfo, da kansa ya yi, ai ba matsala."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige na ja ta na rufe. Malachy bai dube ni ba. Ya warware wayar a hankali, ya zare toshiyar, ya yi wa matar bayani da murya mai sanyi, ya ce kada a kunna tukunyar sai mun dawo. Muka shiga mota. Ya ajiye toshiyar a gaban gilashi, daidai inda zan riƙa ganinta. Muna kan hanya ya jefo mini tambaya.

"Gida nawa ne?"

"Ban sani ba, Oga."

"Ba ka sani ba." Ya gyaɗa kai. "Naka fa, yana nan?"

"Yana nan."

Na fara ba shi labarin ruwan zafi da bisimilla, da yadda abin yake tsakanin mutum da surukarsa a wurinmu. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni.

"Malam Chaïbou, kada ka koya mini wannan. Kakata a ƙauye ba ta yarda a watsa ruwan zafi a ƙasa sai ta yi magana tukuna, kuma har ta mutu ba ta fasa zuwa coci ba. Ban ga laifin tsohuwa ba. Ita ba ta sani ba. Kai ka sani." Sannan ya ce, "Wa yake kwana kusa da tukunyar?"

"Ita."

"Ita kaɗai?"

Na ce ita kaɗai. Bai san abin da ke cikin wannan amsar ba, ni na sani. Ya juya kan mota zuwa McLeansville ba tare da ya tambaye ni ba.

Mun isa da hantsi. Malachy ya wuce kai tsaye ya kashe wutar tukunyar, ya buɗe famfon kicin. Da ya fito ya ce mini a hankali, "Cire murfin minti ɗaya ne, ko ni zan iya. Amma gobe za ta sa wani ya mayar. Je ka yi magana." Ya koma ya jingina da mota.

Hajiya tana bayan gida tana tsinkar busasshiyar kuɓewa ta iri. Babu Sakinatou, babu kowa da zan bi ta bakinsa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na cire takalmi na durƙusa a kan ciyawa, na gaishe ta. Ta ja mayafi ta juya gefe kamar kullum, tana mamakin ganina a irin wannan lokaci.

Na ce, "Hajiya, na zo cire murfin nan ne."

Shi ne karo na farko da na yi mata doguwar magana. Na gaya mata yadda ruwa yake kumbura, da aikin bawul, da abin da yake faruwa idan ya nemi hanya ya rasa. Na gaya mata labarin gidan da tukunya ta fasa rufi. Na ce bango ɗaya ne tsakanin tukunyar da kanta, kuma bangon nan na katako ne da allo, ba zai tare komai ba. Na ce laifina ne tun farko, don akwai abin da ban ɗaura ba.

Ta saurara har na gama, hannunta cike da kuɓewa. Sannan ta yi tambaya, ba ga kowa ba, tunda babu wanda za ta aika.

"Yaushe aka gane haka?"

Na so in ce yau. Malachy yana nesa, ba zai ji ba. Amma na gaji.

"Tun kafin in sa shi, Hajiya."

Ina jin motoci suna wucewa a titi. Ta zuba kuɓewar a ƙwarya ɗaya bayan ɗaya, kamar mai ƙirga wani abu, kuma ashe ƙirgar take yi.

"Juma'a uku," in ji ta. "Ta farko an ce mura. Ta biyu an ce lekol. Ta uku mota." Ta numfasa. "Ni kuwa ina nan ina ta tunanin mi na yi wa ƙawata. Har na ce ko faɗan da na yi mata kan ɗankwali ne. Duk Juma'a sai na dafa mata dambu, in zauna in cinye abina."

Ta ajiye ƙwaryar a gefe, ta ƙarasa maganarta.

"Ashe ka san wurin da bai kamata ɗiyarka ta kwana ba."

Ba ta ɗaga murya ba. Da ta zage ni, ko ta jefe ni da ƙwaryar, da na ji sauƙi. Sai kawai ta saki mayafin da take riƙewa a gefen fuska, ta juyo gaba ɗaya ta dube ni. Shekara goma sha shida ban san idanunta ƙanana ba ne, masu ruwan ƙasa, irin na Leïla sak.

"Chaïbou," ta ce, "tashi ka yi aikinka."

Na tashi. Na danna zoben murfin na ja, sai ruwa ya biyo shi, ruwan da ya cika bututun tun daga sama. Wato bawul ɗin ya sha buɗewa yana neman hanya, ya tarar da ni na tare. Ina jin Hajiya a bayana tana bisimilla.

Malachy ya shigo muka ɗaura 'yar tukunyar da na jefa a bayan motar aiki, ta yi sati uku tana birgima. Muka canza bawul ɗin ma, don ya ce bai yarda da wanda aka wahalar ba. Hajiya ta jawo kujera ta zauna tana kallonmu, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta tambayi Malachy, kai tsaye, ko ruwan zai ci gaba da zuba. Ya durƙusa ya ce, "Mama, yanzu da wuya ki sake ganinsa. Idan kuma kin gani, tukunyar ce take kiran taimako, sai ki kira mu." Ta ce to ƙasar fa? Ya ɗan yi tunani, ya je mota ya ɗauko wani faffaɗan kaskon siminti irin wanda ake sawa ƙarƙashin indararo, ya ajiye a ƙasan bututun, ya ce ruwan zai sauka a nan ya huce kafin ya taɓa ƙasa. Ta duba, ta taɓa da sandarta, ta gyaɗa kai.

"Da haka aka ce mini tun farko," in ji ta, "ai da ban roƙi komi ba."

Maganar da na kasa yi sati uku, Malachy ya gama ta kafin ruwan shayi ya tafasa.

Kafin mu tafi ta sa na miƙo mata wayarta. A gabana ta kira matan nan ɗaya bayan ɗaya, ta ce abin da ta nuna musu kuskure ne, kowa ta kashe tukunyarta, ga mai gyara nan zuwa. Ba ta ce laifin wane ne ba. Gida huɗu ne, ban da na Adamou. Ni na bi su duka a ranar da washegari, ina cire toshiya, ta roba da ta katako, har da wata da aka cusa tsumma aka ɗaure da igiyar takalmi. A kowane gida sai an tambaye ni, ba kai ne ka fara ba? Nakan ce ni ne. Malachy bai kore ni ba, bai kuma sake tayar da maganar ba. Amma wata uku cur duk tukunyar da na ɗaura sai ya bi bututun da hannunsa har ƙasa, ni kuma in tsaya ina kallo.

Leïla ta koma kwananta na Juma'a. Hajiya ba ta gaya wa Sakinatou komai ba, ba ta gaya wa Faïçal ba, kuma ni ma har yau ban samu bakin faɗa ba. Abin da kowa ya gani shi ne tsohuwa ta sake da surukinta. Yanzu idan na kai yarinyar, ba ta jan mayafi. Takan dube ni ta ce, "Chaïbou, shigo, ga abinci," ta ajiye kwanon a gabanta, ta zauna. Abokaina na masallaci suna cewa na ci gaba, na zama ɗan gari. Sakinatou har godiya ta yi wa Allah, wai ta daɗe tana fatan ganin mun saba.

Nakan zauna in ci, tunda ba ni da ikon ƙi. Tana kallona, tana yi mini hira kamar yadda take yi wa mai kawo wasiƙa da mai yanke ciyawa, da fara'a, ba tare da wani nauyi ba. Ni kaɗai na san abin da aka cire mini. Har yanzu a waje nake barin takalmina, amma ban ga alamar tana lura ba.